Kumbon Mutane da Kumbon Kaya: Ana Ganin Darajar Rai Daga Waje?

A daren 26 ga Satumba, 1983, saura kamar minti ɗaya da rabi roka ta tashi daga filin Baikonur da ke Kazakistan, sai mai ya tsiyaya a gindinta, wuta ta kama. Can a ƙololuwa, cikin kumbon Soyuz na Tarayyar Sobiyat, Vladimir Titov da Gennady Strekalov suna kwance an ɗaure su tam a kujerunsu, ba sa ganin abin da ke faruwa a ƙasa. Wutar ta riga ta cinye wayoyin da ke kai umarnin ceto, dole ma'aikata suka aika shi ta rediyo. Nan take wata siririyar hasumiya da ke tsaye a kan rokar ta yi aman wuta, ta fizge kumbon da mutanen biyu ta yi sama da su. Daƙiƙu kaɗan bayan haka rokar ta tarwatse. Titov da Strekalov suka sauko da laima kimanin kilomita 4 daga wurin, jiki ya yi tsami, amma da ransu. Dukansu biyu sun sake komawa sararin samaniya daga baya.

Da a ce kumbon Progress ne a kan rokar a wannan dare, da ya ƙone ƙurmus tare da abinci da ruwa da man da ya ɗauko, domin shi ba a ɗora masa hasumiya. Injiniyoyi sun san da haka, kuma da gangan suka bar shi a haka.

Progress ya fara tashi a watan Janairun 1978, ya kai kaya tashar Salyut 6, kuma daga jikin Soyuz aka ciro ƙirarsa. Wanda bai saba ba, in ya ga hotonsu a jere, zai rantse tagwaye ne. Amma mai lura yana raba su tun rokar tana ƙasa. Ta mutane tana da hasumiyar ceto a ka, da wasu faifan raga huɗu a naɗe a gefen rufinta, waɗanda ke buɗewa su daidaita kumbon idan an fizge shi. Ta kaya kanta a sulɓe yake. In sun isa sama, sai a dubi tsakiya. Soyuz kashi uku ne: ɗaki mai zagaye a gaba, injina a baya, a tsakiya kuma wani ɗaki mai siffar ƙararrawa, da 'yan tagogi biyu da madubin leƙe da matuƙi ke hango gabansa da shi. Wannan na tsakiya shi kaɗai ke dawowa duniya. A gindinsa akwai garkuwa mai jure zafin da gogayya da iska ke haifarwa, a jikinsa akwai laima, akwai kuma wasu ƙananan injina da ke tashi saura ƙiris ya taɓa ƙasa don rage bugun. A Progress, tankunan mai ne a wannan gurbi. Ba taga, ba garkuwa, ba laima. Yakan kai kaya kimanin tan biyu da rabi, a sauke, a cika shi da shara, a sake shi ya ƙone a saman kudancin tekun Fasifik.

Haka abin yake a wajen Amurkawa. Kumbon Dragon na kamfanin SpaceX iri biyu ne. Na mutane, wanda ya fara ɗaukar Doug Hurley da Bob Behnken ranar 30 ga Mayu, 2020, yana da kumburi huɗu a jikin bangonsa, inda aka ɓoye injinan ceto takwas masu suna SuperDraco. Yana da tagogi, sannan sashen da ke bayansa yana da fikafikai huɗu. Sabon samfurin na kaya, wanda ya fara aiki a Disambar 2020, ba shi da injinan ceton, ba shi da taga, fikafikansa biyu ne. Sin ma ba ta sauya hanya ba. Shenzhou, wanda ya kai Yang Liwei sama a Oktobar 2003, yana tashi da hasumiya a ka, yana da ɗakin dawowa. Tianzhou na kaya, da ya fara tashi a 2017, shi ma ƙonewa yake yi idan ya gama aiki.

Ƙasashe uku, harsuna uku, siyasa uku da ba sa ga maciji da juna, amma alamomin iri ɗaya ne: hanyar tsira, hanyar dawowa, da wurin leƙa waje. Ita tagar ma sai da aka yi ja-in-ja a kanta. Kumbon da ya ɗauki Ba'amurke Alan Shepard a watan Mayun 1961 'yan ƙananan kafofi biyu gare shi. 'Yan sama jannatin shirin Mercury suka nace sai an yi musu taga ta sosai, aka yi wa na Gus Grissom a watan Yuli. Ga injiniya, taga rauni ce a jikin bango, nauyi ce kuma. Buhun abinci ba ya buƙatar sanin inda aka nufa da shi. Mutum kuwa yana so ya gani, ya yi hukunci, in ta kama ya karɓi tuƙi.

Ko da aka yi ta asarar kumbunan kaya a jere, babu wanda ya yi zaman makoki. A Oktobar 2014 roka mai ɗauke da kumbon kaya na Cygnus ta fashe a Bajiniya ta Amurka. A Afrilun 2015 wani Progress ya rikice yana ta juyi har ya faɗo. A ranar 28 ga Yuni, 2015, rokar Falcon 9 ta wargaje fiye da minti biyu da tashi. Abin da ya faru da tsohon samfurin kumbon Dragon na kaya da ke kanta ya cancanci a tsaya a kai. Ya fita daga tarkacen lafiya lau, yana ta aiko bayanai yana faɗowa, ga laima a jikinsa, amma ba a tsara wa kwamfutarsa ta buɗe ta a irin wannan hali ba. Ya daki teku ya lalace. Aka yi lissafin asara, aka gyara manhajar, aka ci gaba.

Nijeriya ta san irin wannan lissafi. A Jos ne cibiyar ƙasa ta nazarin hotunan da taurarin ɗan Adam ke ɗauko wa take, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa a 1999. Tun daga NigeriaSat-1, da aka harba daga Plesetsk ta Rasha a Satumbar 2003, duk taurarin da ƙasar ta aika sama na'urori ne, ba taga ba kujera, ba wanda aka shirya wa dawowa. NigComSat-1 ya tashi daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011. An yi surutu a jaridu kan kuɗin, kuma surutun da hujjarsa, amma an samu madadi. Alaƙar Arewa da kumbon mutane ta ma girmi wannan: a Kano NASA ta kafa ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawun kumbunan Mercury, ciki har da na John Glenn da ya zagaya duniya sau uku a Fabrairun 1962. An baza irin waɗannan tashoshi a faɗin duniya, an kashe maƙudan kuɗi, don kada mutum guda da ke sama ya daɗe ba a ji muryarsa ba.

A nan ne tambayar addini take shigowa, kuma a gari irin Jos, inda kiran salla da ƙararrawar coci ke haɗuwa a iska ɗaya, ta shafi kowa. Addinan biyu sun haɗu a kan gargaɗi game da zahiri. Ɗalibin Islamiyya yana tashi da karatun cewa ma'aunin mutum a wurin Ubangiji yana zuciyarsa da aikinsa, kyan fuska da yawan dukiya ba sa shiga sikeli. Yana kuma jin ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi, inda huda jirgin talakawa ya yi kama da ɓarna, ashe ceto ne daga sarki mai ƙwace jirage masu lafiya. Ɗan makarantar Lahadi kuwa ya san yadda Sama'ila ya je gidan Yesse, ya ga dogon ɗa mai ƙira ya ɗauka shi ne sarki, aka ce masa ya wuce, har aka kirawo ƙaramin, Dawuda, daga wajen kiwo. To, idan zahiri ba abin dogaro ba ne, da wace hujja za a dubi ƙarfe daga waje a ce wannan an girmama rai a cikinsa, wancan ba a girmama ba?

Amsar tana wajen wanda ya yi abin. Mutum bai zaɓi tsawonsa ko launinsa ko ƙabilarsa ba, saboda haka siffarsa ba ta ba da shaida a kan halinsa. Jos ta ga abin da ke biyo baya idan aka tsayar da mutum a hanya aka yanke masa hukunci da rigarsa ko sunansa, tun daga Satumbar 2001. Amma abin da hannun ɗan Adam ya ƙera, zaɓi ne daga farkonsa har ƙarshensa. Kowace ƙusa wani ne ya ce a sa, kowane gurbi da aka bari wayam wani ne ya ce a bari. Hasumiyar ceto ta kumbon Apollo na Amurka ta kai kimanin tan 4, ana ɗaukar ta a kowace tafiya, a jefar bayan 'yan mintoci, kuma ba a taɓa buƙatar ta ba ko sau ɗaya a tafiyar da ke da mutane. Ta Soyuz, cikin tafiye-tafiye fiye da 100, sau ɗaya tak ita da kanta ta ceci mutane, a 1983. A haɗarin 11 ga Oktoba, 2018, an riga an jefar da ita, wasu injina na biyu da ke jikin rufin ne suka janye Aleksey Ovchinin da Nick Hague. Wato har bayan hasumiyar an ajiye wata dabara. Wanda ya yarda ya ɗauki nauyin da mai yiwuwa ba zai taɓa amfani da shi ba, ya bayyana niyyarsa ba tare da ya buɗe baki ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Game da mutum, karin maganar yakan faɗi a jarrabawa. Game da abin hawa, da wuya ya kuskure.

Shari'a ma, ta Musulunci da ta bature, da zahiri take aiki, domin alƙali ba ya shiga zuciya. Tarihin gaɓar tekun Afirka ta Yamma yana da misali mai ɗaci. Lokacin da jiragen yaƙin Ingila ke farautar masu fataucin bayi, sukan kama jirgi su tarar ba kowa a ciki, dole su sake shi. Sai aka shigar da wani sharaɗi a yarjejeniyoyi, kamar wadda aka yi da Sifaniya a 1835: ana iya kama jirgi saboda ƙirarsa kawai. In an ga ƙofofin ramin kaya da raga maimakon murfi, ko katakon da za a shimfiɗa ƙarin bene, ko mari da sarƙoƙi, ko gangunan ruwa da tukwanen dahuwa da buhunan shinkafa da suka fi ƙarfin ma'aikatan jirgin, to an san abin da ya zo ɗauka, sai kotu a Firitawun ta Saliyo. Jirgin kaya ne da aka yi wa 'yan gyare-gyare don kayan su ci gaba da numfashi har kasuwa. Shekaru kafin haka, a 1781, ma'aikatan jirgin Zong sun jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku a hanyar Jamaika, masu jirgin kuma suka nemi kamfanin inshora ya biya su. Shari'ar da aka yi a Landan a 1783 ta diyyar kaya ce, ba a tuhumi kowa da kisa ba.

Hujjar da masu Zong suka kafa tsohuwar doka ce ta teku: in jirgi zai nutse, a zubar da kaya a raba asarar. Malaman fiƙihu, har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, sun tattauna wannan mas'ala tun da daɗewa, kuma matsayarsu a fili take: dukiya ake zubarwa, a raba asarar tsakanin masu kaya, ba a taɓa rai alhali da sauran abin zubarwa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, sun jera abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kiyaye, rai yana gaba da dukiya a jerin. Aya ta 70 a Suratul Isra'i ta ambaci girmama 'ya'yan Adamu, ta kuma haɗa shi kai tsaye da ɗaukar su a tudu da teku, wato yadda ake ɗaukar mutum yana cikin karamcinsa. A Littafi Mai Tsarki, ma'aikatan jirgin da Yunusa ya hau kaya suka fara zubarwa, kuma ko bayan ƙuri'a ta faɗa kansa sai da suka yi ta fama da tuƙi don kada su jefa shi. Jirgin da ya ɗauki Bulus zuwa Roma an zubar da alkamarsa, jirgin ya farfashe a Malta, mutum 276 suka fita da rai. Daga ɓangaren falsafa, Bajamushe Immanuel Kant ya raba abubuwa gida biyu a 1785: masu farashi, waɗanda ake iya musanya su da makamancinsu, da masu daraja, waɗanda ba su da madadi. NigComSat-1 yana rukuni na farko. Titov yana na biyu.

Sai a sauko daga sama a shiga kasuwar Farin Gada ta Jos da yamma. Motocin kaya sun jeru, 'yan lodi suna miƙa kwandunan tumatir hannu da hannu, buhunan kabeji da karas da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu suna hawa. Ana kula da kayan nan matuƙa. Kwando ba ya zama kai tsaye a kan kwando, sai an gitta katako a tsakani don kada na sama ya matse na ƙasa. Ana rufe baki da ganye ko takarda, a ja igiya, a duba, a sake ja. Mai kaya yana tsaye yana ƙirga, domin kwando ɗaya ya fashe, ribarsa ce ta zube. In lodi ya kammala, sai wasu samari su matso da 'yan jakunkunansu. Wani ya ce, «Maigida, a taimaka mana zuwa Lafiya.» Direba ya nuna yaron mota da haɓa, a yi ciniki, yaron ya ce, «Ku hau sama, ku dai riƙe igiya da kyau.» Su haye can bisa kayan, su lulluɓa da bargo saboda sanyin Filato. A kasuwar Kara ta Bukuru ma haka ne: shanu a ƙasa, mutane a kan katakon da aka gindaya a saman tirela.

Duk wanda ya dubi wannan mota da idon da ake duban roka zai karanta ta nan take. An yi ta don kaya. Ba kujera, ba abin ɗaurewa, ba rufi, ba bango. Tumatir ya samu katako da igiya, mutum ya samu shawara. Hanyar kudu kuma ta Hawan Kibo take bi, gangaren da ke sauka daga tsaunin Filato a yankin Riyom, wanda direbobi ke ambata da addu'a saboda yawan manyan motocin da birki ya kuɓuce musu a can. Idan irin wannan mota ta kife, na sama ne ke fara cilluwa, kayan su biyo su danne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana yaƙi da haɗa mutane da kaya da dabbobi a mota ɗaya, amma al'adar tana nan.

Garin kansa ya san ciwon. Kuza ce ta gina Jos. Kafin ƙaramin layin dogo na Zariya ya iso Filato a 1914, a kan 'yan dako ake fitar da ita, kuma don ita aka shimfiɗa layin, wanda aka rufe a 1957. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki sun kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan haƙar kuza, da yawa sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe su. A littafin lissafin wancan zamani, tan na kuza yana da shafinsa, lebura kuwa lamba ce da ake cike gurbinta.

Kada a ɗauka cakuɗa mutane da kaya kuskuren matalauta ne kawai. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi ta yi shi. Kumbon Shuttle na Amurka, mai fikafikai kamar jirgin sama, an ƙera shi ya ɗauki mutum bakwai a gaba da ramin kaya mai tsawon mita 18 a baya. Ba a yi masa hasumiyar ceto ba, an kuma manna shi a gefen tankin mai maimakon a ɗora shi a sama. Ranar 28 ga Janairu, 1986, Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, yana ɗauke da tauraron sadarwa. Ɗakin ma'aikatan ya fita daga wutar a dunƙule, ya faɗa teku, ba laima. Mutum bakwai suka rasu a tafiyar da babban kayanta roka marar mutane za ta iya kaiwa. A watan Agusta na shekarar Shugaba Reagan ya sanar cewa Shuttle zai daina jigilar taurarin 'yan kasuwa. Ranar 1 ga Fabrairu, 2003, Columbia ya wargaje yana dawowa, saboda wani ɓallin soso daga tankin ya huda fiffikensa tun wajen tashi, wasu bakwai suka tafi. Bayan an yi wa Shuttle ritaya a 2011, duk sabbin kumbunan mutane na Amurka, Dragon da Starliner da Orion, sun koma tsohuwar ƙira: ɗan ƙaramin ɗaki a ƙololuwar roka, da hanyar tserewa.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare shi.

Na farko zai ce kowa ya yarda da ƙaddara ba ya tsoron saman tirela, in kwana ya ƙare ko a kan katifa sai an tafi. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri. Amma malaman da suka karantar da ƙaddara su ne suka ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, da cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, bai kuma ga hakan a matsayin gudun ƙaddara ba. A Baikonur ta yau limamin cocin Otodoks yakan zo ya yayyafa wa roka ruwan albarka kafin ta tashi, kuma babu wanda ya taɓa cewa tunda an yi addu'a a sauke hasumiya. Motocin da ke fita daga Jos suna ɗauke da rubutun neman tsari a goshi da baya, da Hausa da Larabci da Turanci. Rubutun yana faɗin abin da mai mota yake roƙo, ƙirar motar tana faɗin abin da shi ya tanada.

Na biyu zai ce zahirin ƙarfe ma yana yaudara, kuma yana da misalai. Ƙwallon Vostok da ya ɗauki Yuri Gagarin ranar 12 ga Afrilu, 1961, da irin ƙirarsa aka yi tauraron leƙen asiri na Zenit, kyamara a gurbin mutum. A Fabrairun 2023 kumbon Soyuz MS-23 ya tashi da cikakkiyar siffar na mutane, ba kowa a ciki sai kaya, domin an aika shi ne ya ɗauko waɗanda kumbonsu ya yi yoyo. Mafi muni, a ƙarshen Yunin 1971 Soyuz 11 ya sauka lafiya ƙalau, laima ta buɗe, jikinsa ba ko ƙwarzane. Da aka buɗe ƙofa aka tarar Dobrovolsky da Volkov da Patsayev sun rasu, wani bawul ya buɗe a sama iska ta zuƙe, su kuma ba su sanye da rigar kariya ba saboda ɗakin ba zai ɗauki mutum uku da riguna ba. Motar fasinja mai sheƙi, da kujeru da taga, tana iya zama kyan ɗan maciji in tayarta ta siɗe. Wannan ja ya nuna iyakar hujjar. Ƙira tana nuna wanda aka yi abin dominsa, ba ta ba da tabbacin an cika alkawari. Ganin alamar ba ya wanke mai mota. Rashinta kuwa shaida ce da ba ta buƙatar bincike.

Na uku shi ya fi nauyi: talauci. Saurayin da ya hau saman kwanduna ba wawa ba ne, ya san haɗarin fiye da mai yi masa wa'azi. Kuɗin motar fasinja ne ya fi ƙarfinsa, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023. Yaron motar da ya karɓi kuɗinsa ma da ɗan abin nan yake cin abinci a hanya, kuma a ganinsa taimako ya yi. Kariya tana da tsada a ko'ina. Mai binciken kuɗi na NASA ya ƙiyasta a 2019 cewa kujera ɗaya a Dragon tana kai wa dala miliyan 55. Idan jami'i ya sauke mutanen a bakin hanya ya tafi, bai mayar musu da daraja ba, ya bar su ne da tafiyar ƙafa. Saboda haka laifin ba ya tsayawa a kan wanda ya hau. Yana hawa zuwa ga wanda ke da ikon tsara yadda talaka zai yi tafiya: mai mota, mai kaya, ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗin lodi a tasha, da gwamnatin da ta bar layin dogon da ya haɗa Jos da Kafanchan ba ya biyan buƙatar matafiya.

Abin da Tarayyar Sobiyat ta yi bayan Soyuz 11 ya nuna yadda ake biyan irin wannan bashi. Ba a ƙara faɗin ɗakin ba, domin ba hali. Kujera ɗaya aka cire. Aka sa na'urar iskar gaggawa a gurbinta, aka ɗinka riguna masu suna Sokol, kumbon da ke ɗaukar uku ya koma ɗaukar biyu. An yi shekara tara a haka, a tsakiyar gasar da ake yi da Amurka, sai a Nuwambar 1980 sabon samfurin Soyuz T ya sake tashi da mutum uku, kowa da rigarsa. Tun daga 1971 babu wanda ya sake mutuwa a cikin Soyuz. A tashoshin Jos, kwatankwacin wannan kujera shi ne kuɗin da ake karɓa a hannun na saman lodi. Ana iya barin sa ne kawai idan masu kaya sun ƙara kuɗin dako, ƙungiya ta hana motar kaya fita da fasinja tun daga bakin tasha, aka kuma samar da motar fasinja mai rahusa da za ta bi hanyar Lafiya da Makurɗi a ranakun kasuwa.